Ruwan da ke Gefen Baba

Talata, 3 ga wata

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, guduma a hannu, kamar yadda na san ka. Yaya aiki, yaya jiki? Mu nan lafiya lau. Maigidana, Malam, yana gaishe ka, ko da yake a hoto kawai ya san ka. Baba ma lafiya, sai ɗan ciwon kai da ke taso masa da yamma, ina zaton zafin gari ne.

In ba ka gane hannun ba, ni ce Me-ya-sa, 'yar Yayanka direba, wadda ka laƙaba wa sunan nan don na hana ka sakat a garejinka ina 'yar shekara bakwai. Yanzu ina aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, ka ga tambaya ta zama sana'a. Baba ya ce kakarsa da kakarka ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko ka shige dajin da kuke shimfiɗa titi, ba ka tsere mana ba. Na nemi lambar wayarka, aka ce inda kuke babu sabis, kuma ko da akwai, shekara talatin na bugun ƙarfe sun cinye maka kunne. Sai wata abokiyar aikina, matar Dogo mai tankar da ke kai muku mai, ta ce in rubuta, mijinta yana zuwa sansaninku kusan duk mako.

Ga abin da ya kawo ni. Ka tuna motar Baba, mai ruwan toka, wadda ya saya da ya bar aikin bas? Tun da ya dawo wurinmu da zama tana garejin gidanmu. Kimanin wata guda ke nan ruwa yana taruwa a cikinta, a ƙasan kujerar gaba, gefen Baba. Na ɗaga tabarmar ƙafa na danna kafet da yatsa, sai ga ruwa ya taso. Na busar da shi a rana, bayan kwana biyu ya dawo. Motar ta fara warin rigar da aka manta a bokiti.

Na kai ta wurin makaniki biyu. Na farko ya ce robar gilashin gaba ce, ya shafa mata wani baƙin gam. Na biyu ya ce na farkon bai san aiki ba, ya canja robar ƙofa. Ruwa bai san an yi ba.

Ba kafet ɗin ne ya fi damuna ba, Baffa. Rashin sanin ne. Abu yana faruwa a gidana kullum, ni kuma ban san ta ina yake shigowa ba. Na tambayi Baba, sai ya ce damina ce, in ƙyale. Kai ne Baba ke cewa kana jin ciwon mota kafin ta yi kuka. To ga shi nan.

Taka,
Me-ya-sa

*

Asabar, 14 ga wata

Zuwa ga 'yata Me-ya-sa,

Wa alaikumus salam. Dogo ya miƙo min takardarki ina ƙarƙashin wata katafila, na karanta ta a kwance, har na ɓata ta da baƙin mai. Lafiyata ƙalau, sai gwiwa. Kunne kam ya yi ritaya ya bar ni ina aiki. Ki gaishe min da Yaya, ki ce masa ya rage shayi. Ki gaishe da surukina, ki ce na ji an ce yana da haƙuri, dole ne ma.

Makanikan naki sun yi abin da masu gaggawa ke yi, sun yi magani ba su ga ciwo ba. Ruwa ba ya sauka inda ya shiga. Yana iya shiga ta rufi, ya bi ginshiƙin gilashi ta ciki, ya ɓullo a ƙafa. Saboda haka bin sawu ake yi, ba zato ba.

Da farko ki san wane irin ruwa ne. Ki murza shi tsakanin yatsu, ki sansana. In yana da santsi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to daga inji yake bi ta hita. In fari ne tas, daga waje yake.

Tun da kin ce gefen Yaya ne, wato gefen sitiyari, ga inda nake zargi. Ki buɗe bonet, ki duba ƙasan gilashi inda waifa ke kwanciya. Akwai kwata a wurin, da ƙananan ramuka a kusurwa biyu. Ganye da ƙasa kan toshe su, ruwa ya cika ya bi ramin da wayoyi ke shiga ciki, daidai saman feda. Ki share su da waya mai laushi. In ba nan ba ne, ki busar da motar sarai, ki barbaɗa hoda a bakin ƙofa da ginshiƙi, ki shiga ki zauna da tocila. Surukina ya riƙe tiyo a waje. Ya fara daga taya, ya hau sannu, ya daɗe a kowane wuri. Kada ya fara daga rufi, zai jiƙa komai ya ɓata sawu. Inda kika ga layi a kan hoda, nan ɓarawon ya bi.

Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Yaya ya ce ki ƙyale? Mutumin da ya taɓa tsayar da bas cike da fasinja don ya ji wani ƙis-ƙis a taya, yanzu ƙafarsa tana cikin ruwa kan totur yana cewa a ƙyale? Shi ya ɗauke ni daga gida ya kai ni gareji, shi ya fara ɗora hannuna a kan sitiyari, kuma rankwashin da na sha a kan datti a mota har yau wurin yana nan. Ko tsufa ya sa ya yi laushi ne?

Ki rubuto min abin da kika gani, ba abin da kike zato ba.

Baffanki

*

Lahadi, 22 ga wata

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sauwaƙe gwiwa. Muna lafiya, sai Baba da ciwon kan nasa ya ƙi tafiya. Wani lokaci in na dawo aiki nakan tarar da shi kwance, ya ce jiri yake ji, abinci ma ba ya marmari. Na ɗibi jininsa da hannuna na gwada, babu zazzaɓi, babu ƙarancin jini, sukari daidai. Likita ya auna hawan jini ya ce bai taka kara ya karya ba. Da safe kuma garau yake tashi.

Baffa, laifina ne, ban yi maka bayani ba. Da na ce gefen Baba, ba gefen sitiyari nake nufi ba. Ɗaya kujerar nake nufi, inda yake zama yanzu. Baba ya daina tuƙi shekara guda da rabi ke nan. Hawan jinin ido ne ya ci masa gefe da gefe, yanzu kamar ta cikin bututu yake ganin duniya. Abin da ke gabansa yana gani dishi-dishi, na gefe kuwa babu. Ranar da ya goge wata mai tura kaya a bakin kasuwa, Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba, ranar na karɓi makullan biyu. Bai yi musu ba. Ya miƙo min su, ya shiga ɗaki. Na ɗauka wani a dangi ya gaya maka.

Duk da haka mun yi abin da ka ce, a gefen da ya dace. Ramukan ƙasan waifa a buɗe suke, sai ganye uku da murfin biro. Jiya na yi wa motar hoda kamar jaririya, na shiga da tocila, Malam ya kama tiyo. Awa biyu muka yi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, “Malam, mota ake wa wanka da mutum a ciki?” Ya ce mata, “Bincike ake yi, Hajiya, ni ma ɗan kallo ne.” Ya jiƙe har wuya, ni na fito kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Ko ɗigo bai shiga ba. Baba yana zaune a kujerarsa a baranda yana sauraron mu.

Ruwan kuma na tafi da shi wurin aiki a kwalbar gwaji, kada ka yi dariya. Babu santsi, babu launi, lagireto a cike yake. Na sa shi a madubin gwaji mai ƙara girma, ban ga komai ba sai zaren kafet. Na kwatanta da ruwan famfonmu, da na busar da su a kan gilashi na famfo ya bar farin tabo, wannan kusan bai bar komai ba. Wato ya fi ruwan da muke sha tsabta. Na ce to ruwan sama ne. Amma Baffa, yau kwana goma sha biyu rabon da a yi ruwa, gari sai zafi da gumi. Motar kuma tana cikin gareji mai rufi da ƙofar ƙarfe. Na hau tsani na duba kwanon, babu huda.

Ruwan sama ba tare da sama ba. Me ya sa?

Taka,
Me-ya-sa

*

Alhamis, 26 ga wata

'Yata,

Na samu takardarki. Ina lafiya. Allah ya ba Yaya sauƙi.

Sau uku na karanta wurin da kika ce kin karɓi makulli. Babu wanda ya gaya min. Na bar aiki na je na zauna a bayan tanti har aka tashi. Ba na ce kin yi laifi ba, ko ni ne zan karɓa. Amma shekara talatin da shida mutumin nan yana riƙe da sitiyari, ni kuma ina nan ina yi masa ba'a a takarda cewa ya yi laushi. In kin karanta masa wancan layin, ki ba shi haƙuri.

Mu koma kan ruwa. Gwajinki ya fi na makanikai biyu, na yarda. Ruwa mai tsabta irin wannan, a gefen fasinja, ba tare da ruwan sama ba, wuri ɗaya ya rage. Esi. Na'urar sanyi tana tatso ruwa daga iska, kamar yadda kofin ƙanƙara ke gumi. A bayan dashbod, daidai saman ƙafar fasinja, akwai wani akwati da ruwan ke taruwa, da ɗan guntun tiyo da ke fitar da shi ƙarƙashin mota. Shi ya sa kike ganin mota tana ɗiga in ta tsaya da esi a kunne. In tiyon ya toshe, ruwan sai ya dawo ciki.

Ki yi min abu uku. Ki gaya min sau nawa kike kunna esi. Ki shimfiɗa busasshiyar jarida a wurin kowace safiya, ki duba da yamma, ki rubuta ranakun da ta jiƙe da waɗanda ba ta jiƙe ba. Sannan ki faɗa min duk wani abin da kika ga ya canja a motar, ko da kina ganin shirme ne.

Za a ɗaga sansaninmu gaba, titi ya wuce mu. Ban san yadda zuwan Dogo zai kasance ba.

Baffanki

*

Lahadi, 13 ga sabon wata

Zuwa ga Baffa,

Ina gaisuwa. Ban karanta wa Baba layin ba, kada ka damu. Jikin nasa dai sai a hankali. Ranar Laraba har amai ya yi. Abin mamaki, Asabar da Lahadi lafiyarsa ƙalau, har faɗa yake yi da rediyo. Malam ya ce kewarmu ce ke sa masa ciwo in mun fita aiki.

A nan zancenka ya faɗi, Baffa. Ba na kunna esi ko kaɗan, mura yake sa ni. Kuma ba na fita da motar a ranakun aiki. Motar asibiti ke ɗaukata, Malam kuma da ƙafa yake zuwa makarantarsa. Asabar da Lahadi kaɗai nake tuƙa ta, kasuwa da ziyara.

Ga sakamakon jarida na mako biyu. Litinin zuwa Juma'a, a jiƙe. Asabar da Lahadi, ranakun da motar ke yawo, a bushe ƙamas. Wato sai an ƙyale ta take zubar da ruwa. Malam ya ce kuka take yi.

Shirmen da ka ce in faɗa. Kujerar direba tana zamewa baya, duk Asabar sai na jawo ta, ina jin ƙarfen ƙasanta ya saki. Mai yana raguwa, na bar shi a rabi na tarar ya kusa kwata, amma babu tabon mai a ƙasa. Na rubuta lambar kilomita ran Lahadi na duba ran Juma'a, ba ta motsa ba. Makullan biyu suna jakata, jakar kuma tana tare da ni a wurin aiki. Wani tsohon tawul da ban san shi ba na tsinta a ƙarƙashin kujera, da danshi. Garejin kuma in na buɗe da yamma yana da wani irin nauyi, amma dama taga ɗaya gare shi, ƙarama, can sama.

Na rasa ta inda zan kama. Ina jiran ka.

Me-ya-sa

*

Litinin, 28 ga wata

Baffa,

Fatan kana lafiya. Mako biyu shiru. Matar Dogo ta ce ya kai takardata, amma bai dawo da komai ba. In maganar makulli ce ta ɓata maka rai, ka faɗa min kai tsaye, zan ɗauka. Ba ka ga fuskar matar nan mai tura kaya ba, ni na gani. Baba yana nan yadda yake, an rubuta mana hoton kai mako mai zuwa. Jarida tana ci gaba da jiƙewa.

Me-ya-sa

*

Laraba, 30 ga wata

'Yata,

Ki karanta wannan a tsaye. Ba fushi nake ba. Dogo ya bar takardunki a tsohon sansani, yau da safe aka kawo min su biyu tare. Na ba wani injiniya da zai shigo gari wannan, na roƙe shi ya kai miki asibiti hannu da hannu.

Makullin motar nan uku ne. Yaya bai taɓa riƙe mota ba tare da ya ɗaure safayar makulli da waya a bayan bamba ta baya ba, gefen hagu. Shi ya koya min. Kujera ba zamewa take ba, mai dogayen ƙafafu ke tura ta. In kun fita, yana shiga gareji ya tayar da inji ya kunna esi ya zauna. Shi ya sa mai ke raguwa kilomita ba ta motsi. Tawul nasa ne.

Ki bar zancen ruwa. Inji a kunne a ɗaki rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari, ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da amai, rannan sai ya yi barci bai tashi ba. Na taɓa fitar da abokin aikina daga irin wannan ɗaki, ban so in ba ki labarin. Ki duba ranakun ciwonsa, ki duba ranakun jaridarki.

Kada ki jira a tashi aiki. In kin tarar da shi a ciki, ki buɗe ƙofa duka kafin komai, ki fito da shi iska, ki kai shi asibiti ko ya ce lafiyarsa lau. Kuma kada ki yi masa faɗa a gaban kowa.

Baffanki

*

Lahadi, 3 ga wata

Zuwa ga Baffana,

Baba yana raye, yana gida, yana cin abinci. Na fara da wannan don na san ba za ka iya jiran gaisuwa ba. Yanzu kuma ina gaishe ka, gaisuwar da ban san yadda zan auna ta ba.

Injiniyan ya iso ranar Alhamis wajen ƙarfe biyu saura. Ina sanye da safar hannu na buɗe takardar. Ban kai ƙarshe ba na bar jinin mutane a kan tebur, na ce wa abokiyar aikina ta riƙe min aikin, na tari tasi. A hanya ina ta lissafa ranakun, ciwo da jarida, ciwo da jarida, suna hawa kan juna daidai. Wata guda lissafin nan biyu suna hannuna, Baffa, ni mai gwaji, ban taɓa ajiye su gefe da gefe ba.

Tun daga bakin get na ji ƙugin inji. Ƙofar gareji a rufe, an sa sakata ta ciki. Na buga, na kira, shiru. Na ɗauki bulo na hau na leƙa ta tagar nan, na hango shi a kujerar direba, hannu biyu a kan sitiyari, kansa ya langaɓe gefe. Ihun da na yi ne ya fito da maƙwabciya da mijinta. Shi ya kawo ƙarfe ya ɓalle sakatar. Muka wangale ƙofar, na kashe inji, muka kinkimo shi zuwa ƙarƙashin bishiya. Rediyo na ta yi, cikin motar sanyi kamar firij. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, “Har an tashi?”

Ya kwana ɗaya a asibiti da robar iska a hanci. Likita ya ce da an ƙara rabin awa, da wani zancen ake yi. An soke hoton kan.

Ban yi masa faɗa ba. Da muka dawo gida na kai masa shayi, na zauna a bakin gado, na ce, “Baba, me ya sa?” Ya daɗe yana juya kofin. Sannan ya ce, “Ba inda nake zuwa. Ina dai jin ta ne. In inji na aiki, hannuna yana kan sitiyari, nakan bi hanyoyina a ka, tasha bayan tasha, har in kai in dawo.” Na ce to me ya sa ya rufe ƙofa, shi da ya san hayaƙi. Ya ce da farko a buɗe yake barin ta. Rannan maƙwabciya ta leƙo ta gaishe shi, sai ya ji tsoron kada ta gaya min in karɓe na ukun ma. Ya ɗauka tagar sama ta isa. “Minti goma nake niyya,” in ji shi, “amma hanyar tana da tsawo.”

Na fita na shiga banɗaki na yi kukana. Na tsare shi daga titi, ban taɓa tambayar abin da yake yi da yini guda a gida shi kaɗai ba.

Jiya muka yi aikin tiyon. Malam ya kwanta a ƙarƙashin mota da tocila, ya lalubo shi inda ka ce, ɗan guntu baƙi kamar yatsa. Ya zura waya, ya ji tauri. Ka san me ke ciki? Zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a bakin, ya liƙe shi tsaf. Da ya fasa, ruwan da ya taru ya zubo masa a fuska, har da 'yan tsutsotsi. Ya fito yana tofi yana cewa ya yi murabus daga bincike. Na ajiye gutsuren ginin a kwalba, ina so in duba shi a madubi.

Motar yanzu a tsakar gida take kwana, ƙarƙashin bishiya. Garejin mun zuba masa kaya. Makulli na uku na mayar wa Baba da hannuna. Sauran labarin ya ce shi zai ba ka, ni in riƙe biro kawai.

Taka har kullum,
Me-ya-sa

*

Zuwa ga ƙanena mai guduma,

Ni ne Yayanka. Yarinyar ke rubutawa, na ce kada ta gyara min magana. Ina gaishe ka, ina gaishe da gwiwarka. Ni na warke, kai kuma ka tona min asiri. Abin da na koya maka a ɓoye kana ɗan saurayi, shi ka kwashe ka rubuta wa 'yata. Na yafe, tun da ga ni ina magana.

Amma kada ka yi ta fankama a sansani cewa ka gano ciwon mota daga nesa. Tun ranar farko da ta ce akwai ruwa na san tiyon esi ne. Wane direba ne bai san wannan ba? Ina zaune a baranda suna ta wanka da hoda, bakina yana ƙaiƙayi, amma in na faɗa sai a ce wa ke kunna esi. Na gwada lalubo tiyon da kaina, na kwanta a ƙasa, na kasa gani, na kusa kasa tashi. Sai na koma goge ruwan da tawul. (Baffa, yanzu nake jin wannan. Awa biyu muka yi da tiyo!) Na ce kada ta sa baki, ga shi ina jin biro yana gudu fiye da maganata.

Hayaƙin kuwa wauta na yi, ba ni da abin cewa.

Jiya da yamma bayan sun gama da zanzaro, surukinka ya ce mu shiga mota. Ya kai mu filin ƙwallon makarantarsu, babu kowa, ya sa mai gadi ya rufe get. Ya fita ya zagayo ya buɗe min ƙofa ya ce, “Baba, bismillah.” Na ce ku daina wasa da tsoho. Yarinyar ta ce ba wasa ba ne, ita za ta zama idon gefe.

Na zauna, na tura kujera inda take a da. Na sa giya ɗaya. Ƙanena, ƙafata ba ta manta ba, ko girgiza motar ba ta yi ba. Tana gefena tana cewa hagu, Baba, dama kaɗan, ga raga nan. Na sa ta biyu. Da na ji filin ya miƙe na sa ta uku, sai ta ƙwalla ƙara ta riƙe dashbod, surukinka a baya yana ta salati. Zagaye biyu na yi, na tsaya daidai inda na tashi. Mai gadi ya tafa min.

Yarinyar ba ta iya shan kwana ba, ka sani. Tana taka birki a tsakiyar lanƙwasa, kuma tana riƙe kulochi kamar za a ƙwace mata. Na ce daga yanzu duk fitar da za ta yi ina gefe ina saurare, mu gyara.

In titin naku ya ƙare, ka zo. Shekara shida ya isa. Zan sa a ajiye maka kujerar baya, ka ga tuƙi.

Ta ce hannunta ya gaji. Asabar mai zuwa an yi min alkawarin zagaye uku.

Yayanka